Shekara 3 don koyon cimakar kare da mussa: a tafi ko a zauna?

Dakta Balki (Maradi): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nike nema. Kun san na ƙare karatun likitan dabbobi a Dakar, na dawo gida ina aiki a wani kabine nan cikin gari. Akwai abin da ke raina tun ina ajin ƙarshe. Ina son in tafi rezidana, wato horon ƙwarewa na bayan kammala karatun likita, a fannin cimakar kare da mussa ta ɓangaren asibiti, wato yadda ake ciyar da dabbar da ciwo ya kama. A Turai kwalejin da ke ba da wannan shaida ita ce ECVCN, horon kuma shekara 3 ne aƙalla, bayan mutum ya yi antarna, wato aikin koyo a asibiti ƙarƙashin manya, ta shekara guda ko ya ɗan jima yana aikin asibiti. Na faɗa ma mahaifina ya yi shiru. Na faɗa ma maigidana na wurin aiki ya yi dariya. Ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Baba Isuhu (Tibiri): Wa alaikumus salam ɗiyata. Tunda kin ce ko da ɗaci, to ga shi. Ke ɗiyar garin jar akuya ce. Tun 1963 anka kafa cibiyar awaki nan Maradi saboda ita, kuma har gobe ita ke biyan kuɗin magani da na lakwal a gidajen ƙauye. Kowace shekara daga watan Afrilu har ruwa ya sauka, bisashe na zubewa tsakanin Dakoro da Mayahi, ba don ciwo ba, don yunwa. Harawa ta yi wuta, dusa ta yi wuta, ɗiyan auduga sai mai hali. In cimaka kike son karantawa, ga inda aiki yake. Kare kuwa a ba shi ɗumamen jiya ya lashe ya kwanta. Haka munka taras.

Lawali Mai Magani: Baba ya gama magana. Ni da ke zaune a shago ni na san abin da ake saye. Mai kare in ya shigo, allurar hauka yake nema, ko maganin kaska, ko na tsutsa. Na taɓa sawo buhunan abincin kare daga Kano don gwaji, suna nan jibge har man da ke ciki ya fara wari saboda zafi, na zubar. Dakta, in kin dawo da takardar, wa zai biya ki?

Dakta Mamman Sani (Yamai): Lawali, ba su zo shagonka ba ne, amma suna nan. A kabine na nan Yamai kare da mussa sun fi komi yawa. Kamfanonin gadi, ma'aikata, ƴan kasuwar da ke sawo karnukan berje alman daga Lome ko Legas da kuɗi masu nauyi, ciki har da alhazan Maradi da ke turo mini hoto ta waya. Kun san abin da ya fi kawo su? Kwikwiyo ɗan wata 3 zuwa 5, ƙafafu sun lanƙwashe, bai iya tashi, ka taɓa shi ya yi ihu. Ka tambayi mai shi mi yake ba shi, ya buga ƙirji ya ce tsoka zalla, kullum daga wurin mahauci. To tsokar nama kalsiyom ɗin da ke cikinta wajen miligiram 10 ne a giram 100, fosfor kuwa wajen 200. Jiki so yake su zo kusan daidai, kalsiyom ya ɗan rinjaya. In bai samu ba sai ya riƙa zaro kalsiyom daga ƙashi yana zubawa cikin jini, har ƙashin ya yi laushi ya karye da kansa. Mutumin ya kashe kuɗi ya naƙasa dabbarsa da hannunsa. Mu dukanmu lissafin cimakar saniya da kaza munka fi ƙwarewa a kai, tunda shi ƙasashenmu sunka fi buƙata. Na kare ɗin kowa lalube yake.

Lawali Mai Magani: Sai a ɗura mishi kalsiyom, ina da shi kwali-kwali.

Dakta Mamman Sani (Yamai): Nan ne ake faɗawa rami na biyu. Ɗan kwikwiyo ƙarami hanjinsa bai iya tace kalsiyom ba, duk abin da ka ba shi sha yake. A jami'ar Utrek ta Holan an gwada haka kan manyan karnukan nan da ake kira danuwa tun shekarun 1980, waɗanda anka cika ma kalsiyom su ma gaɓoɓinsu sunka lalace. Ma'aunin da anka tsaida shi ne giram 3 a kowace kalori 1,000 ga kwikwiyo mai tasowa. Kai da kwalinka ƙaƙa za ka san ka kai ko ka wuce, in ba ka san kalori nawa ke cikin kwanon ba?

Lawali Mai Magani: Tau. Na yi shiru, amma ban sauka ba.

Dakta Zainab (Zariya): Salamu alaikum ƴan uwa na Maradi, na gode da kuka bar ni cikin zauren nan. Baba Isuhu, a gafarce ni, ina ganin ya kamata a san me ake koyo a horon kafin a yanke hukunci, domin ba zaɓen buhun abinci ake koya ba. Mai rezidansi a asibitin koyarwa yake wuni. Duk dabbar da aka kwantar, likitan tiyata ko na ciwon ciki zai kira shi ya zo ya duba. Zai auna ƙibarta a ma'aunin 1 zuwa 9, ya shafa ya ji ko tsoka ta zube, ya bi tarihin duk abin da take ci har da ɗan abin da yara ke jefa mata. Tun 2011 ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ce a ɗauki wannan binciken a matsayin abu na biyar da za a duba ga kowace dabba, bayan zafin jiki da bugun jini da numfashi da raɗaɗi. Daga nan sai lissafi. Kyanwar da ta yi kwana 3 zuwa 5 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse zai taru ya cika mata hanta, don haka ba a jiran ta ga dama, bututu ake sa mata ta hanci ko ta gefen wuya zuwa maƙoshi a riƙa ɗura mata. Akwai na ciwon ƙoda, na ciwon sukari, na tsakuwar mafitsara, na kumburin hanji, na wanda aka yanke wa hanji. Kowanne da nasa lissafin. Bayan haka dole ya yi bincike ya wallafa a mujallar kimiyya, ya ajiye rajistar dabbobin da ya kula da su, ya koyar da ɗalibai, sannan ya zauna jarrabawa.

Baba Isuhu (Tibiri): Bututu a wuyan mussa. Allah ya nuna muna zamani.

Hajiya Mariya (ma'aikaciyar jinya): Ni ban so in sa baki ba, tunda kiwon kaji ne ya kawo ni zauren nan, amma abin ya tsaya mini a rai. Balki, ke ƙanwata ce, kar ki ji haushi. Duk wanda ya ga 2005 a garin nan bai mance ba. Har yanzu in damana ta yi nisa ki shiga CRENI, cibiyar jinyar masu tamowa mai tsanani, ki ga yaran da tamowa ta kwantar, uwa na zaune ta rafka tagumi. A cikin wannan gari za a ce ɗiyarmu mai ƙwaƙwalwa ta tafi Turai koyon abincin mussa? Ni kunyar faɗi nike ji.

Dakta Balki (Maradi): Yaya Mariya, ban ji haushi ba, maganar nan ita ta hana ni barci tun farko. Amma ni ba likitan mutane ba ce, ko na zauna ko na tafi ba ni za a kira gadon yaron ba. Kuma abin da kuke yi a CRENI shi ne tushen abin da nike son koyo. Mi ya sa kuke fara ba yaro madarar F-75 kafin F-100? Don jikin da ya daɗe da yunwa in an cika shi da abinci lokaci guda, fosfor da fotasiyom na jini sai su ruga cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice. Haka yake ga kare da mussa. Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na buƙatarsa ake ba shi, a riƙa ƙarawa har kwana 3 ko fiye. Na ga karen da anka tsinto a rame, mai tausayi ya cika mishi kwano, kwana biyu ya mutu, kowa ya ce kwanansa ne ya ƙare.

Hajiya Mariya (ma'aikaciyar jinya): Wannan gaskiya ne, haka muke yi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba dai.

Anas: Ni tambayata ta addini ce. Ya halatta ma mutum ya ƙare rayuwarsa yana hidimar kare?

Malam Habu: Anas, hadisi ya yi izinin riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Akwai kuma hadisin mutumin da Allah ya gafarta ma don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare mussa ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda ya ajiye dabba ciyar da ita wajibinsa ne, mai koya mishi yadda zai ciyar kuma bai yi laifi ba. Ko ta tafi ko kar ta tafi, wannan shawarar duniya ce tsakaninta da mahaifinta, ku masana ku taimaka.

Dakta Abdu (Beljik): Na biyo maganar tun safe, sai yanzu na fito daga labo. Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da idona ya gani, don kar ki ɗauka hanyar a share take. Ba kankur ba ne da za ki zauna ki ci a ba ki kujera. Sai akwai malami mai shaidar kwalejin da ya yarda ya ɗauke ki, kuma akwai kuɗin da za a biya ki albashi shekara 3. Irin waɗannan malaman ba su da yawa, suna warwatse a Gand da Utrek da Munik da Biyena da makarantun Faransa. Wuri guda na iya yin shekaru bai buɗe kujera ba. Kuɗin kuma sau da yawa daga kamfanonin abincin dabbobi yake fitowa, irin su Royal Canin da Hill's da Purina. Sannan ƙa'ida na son a ce kina da izinin aikin likita a wata ƙasar Turai, sai in kwamiti ya ɗauke miki, kuma takardarmu ba kai tsaye take ba da wannan izinin ba. Karatu da jarrabawa da Turancin Ingilishi ake yi, ko da a Faransa kike zaune. Maganar biza kuwa kin sani, tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024 komi ya ƙara nisa. Albashin ɗan rezidana kuma in kin biya haya kin sayi abinci, abin da za ki aiko gida kaɗan ne. Ki shirya ma ƴan uwa wannan tun yanzu.

Dakta Balki (Maradi): Yaya Abdu, Amurka fa?

Dakta Abdu (Beljik): Can kwalejinsu ta cimaka tun 1988 take, a 2021 ta shige ƙarƙashin ACVIM, kwalejin likitocin ciwon ciki na dabbobi ta Amurka. Akasarin kujerun ta wani tsari ake raba su mai suna VIRMP, ki jera wuraren da kike so, su ma su jera waɗanda suke so, kwamfuta ta haɗa. Waɗanda za ki yi takara da su sun riga sun yi antarna a asibitocin can, da wasiƙun malaman da kowa ya sani. Ni a ganina Turai ta fi miki kusa. Kuma akwai gajeren horo na cimakar kare da mussa da makarantar likitan dabbobi ta Alfor a Faransa ke yi ma likitocin da ke aiki, bai kai rezidana ba, amma yana buɗe ƙofa, malamai su san fuskarki.

Lawali Mai Magani: Kun ji ko? Kamfani ya biya mata karatu, ya koya mata sayar da buhunsa. Ta dawo ta rubuta ma Alhaji buhun da babu shi a Maradi, in ma akwai ya fi buhun hatsi tsada nesa ba kusa ba. A 2023 anka rufe iyakar Benin, kaya sunka koma zagayowa. Kuma in faɗi wadda kowa ke tsoron faɗi: ba za ta dawo ba. Wanda ya sami irin wannan takardar, kamfani ke ɗauke shi tun bai cire rigar jarrabawa ba. Dakta Abdu, kai yaushe za ka dawo?

Dakta Abdu (Beljik): Ka bar ni in gama tes, kundin bincikena, tukuna, Lawali.

Lawali Mai Magani: Haka kowa ke cewa.

Dakta Zainab (Zariya): Malam Lawali, rabin maganarka ina tare da kai. In buhu za ta je ta koyo, gara ta zauna. Amma ainihin abin da ya bambanta mai wannan horon da sauranmu shi ne iya haɗa abinci daga tushe, ya ɗauki abin da ke kasuwa ya fitar da kwanon da ya cika sinadarai wajen 40 da dabbar ke buƙata. Kuma abin ba wasa ba ne. A jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun tattara girke-girken abincin kare guda 200 daga littattafai da intanet a 2013, suka tarar kashi 95 cikin 100 akwai aƙalla sinadari ɗaya da ya gaza, har da waɗanda likitocin dabbobi suka rubuta. A Turai mai kyanwa mai ciwon ƙoda shago zai shiga ya sayo gwangwani. Mu da ba mu da gwangwanin, mu ne muka fi su buƙatar mai iya lissafin.

Bari in ba da misali ɗaya. An san rage fosfor na ƙara wa kyanwa mai ciwon ƙoda kwana. Wani bincike da aka yi a Landan a 2000 ya nuna waɗanda suka ci abincin ƙoda sun yi kwana 633 a tsakaici, waɗanda suka ƙi ci kwana 264. To a gida ta yaya za ka rage fosfor? Ka tafasa nama ka zubar da romon, fosfor zai ragu. Amma torin, wani sinadarin da ke cikin nama, shi ma cikin romon yake tafiya, kyanwa kuma jikinta ba ya ƙera torin da zai ishe ta. In ta rasa shi zuciyarta ta saki ta kumbura, ido ya mutu. Tun 1987 aka tabbatar da na zuciyar. Sai ka ce bari in ƙara hanta. Hanta ta yi yawa, bitamin A ya taru ya ƙage mata ƙashin wuya. Farin ƙwai na da furotin mai kyau da fosfor kaɗan, zuciyar rago na da torin, shinkafa na ba da ƙarfi, amma nawa-nawa? Duk inda ka ja, wani wuri ya buɗe. Wannan ne ake shekara 3 ana koyo.

Dakta Mamman Sani (Yamai): Dakta Zainab ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Teburan da muke lissafi da su, na NRC, majalisar bincike ta Amurka, na 2006, da na FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin kare da mussa ta Turai, buƙatar dabba suke faɗi, wannan kuwa ɗaya ce ko a ina. Amma kayan haɗin na Turai ne. Ni abin da ke gabana tuwon hatsi ne, da wake, da kan kifi, da kayan cikin akuya, da ƙulikuli, da fara. Fura in an dama da nono kalori nawa ke cikin ludayi guda? Tuwon da ya kwana da ruwa fa? Ƙiyasi nike yi.

Dakta Balki (Maradi): Shi ne abin da nike son ya zama bincikena, Yaya. In ɗauki kayan kasuwar Maradi, a auna su a labo, in fitar da girki huɗu ko biyar: na kwikwiyo, na karya mai shayarwa, na kare mai aiki, na mai ciwon ƙoda, na wanda ke tashi daga parbo, ciwon amai da zawon jini na kwikwiyo. Na parbo ɗin ma shi ya fi ci mini rai, don duk shekara yana share kwikwiyoyi. Da an koya muna a hana shi ci har amai ya tsaya. A makarantar likitan dabbobi ta Ondastefut a Afirka ta Kudu sunka gwada a 2003, waɗanda anka fara ɗura ma abinci ta bututun hanci tun awa 12 da kwantarwa sun fi saurin farfaɗowa da ƙara nauyi. Bututun nan ba tsada gare shi ba, irin na jarirai ne. Abin da za a zuba ciki ne ba mu da shi, kuma ina ganin za a iya haɗa shi da kayan gida.

Ɗan Baka (Madarumfa): Gaisuwa ga manya. Ni ba dakta ba ne, allurar bisashe nike yi a ƙauye, kuma gidanmu gidan farauta ne. Karnukanmu tuwo da miya suke ci, lokacin farauta mu ƙara musu ƙulikuli don su yi ƙarfi. Wanda ya yi baƙi-baƙi da mata ba su iya saidawa shi muke karɓa da araha. Bara uku sunka mutu cikin sati guda, ido ya yi rawaya, suna kashin jini. Munka ce sammu ne.

Dakta Mamman Sani (Yamai): Ɗan Baka, ban ga gawar ba, kuma akwai ciwon kaska da ke sa ido rawaya, amma abin da ka faɗa ya yi kama da gubar aflatoksin. Fumfuna ce ke fitar da ita a gujiya da masara in an ajiye su da danshi, wuta ba ta kashe ta, hanta take ci, kare kuma yana cikin dabbobin da ba su jure ta. A 2011 ta kashe karnuka fiye da 200 a yankin Gauteng na Afirka ta Kudu ta hanyar abincin buhu mai araha. Ka daina karɓar wanda ya yi baƙi. Miyar ma ka lura, albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, danye ko dafaffe, mussa kuma ta fi shi rauni a kai.

Baba Isuhu (Tibiri): To kun ga abin da nike faɗi. Wannan gubar ita ce a cikin tunkuzar da ake ba shanun tatsa, ta bi nono ta shiga cikin yaro. Ita ce ke rage ƙwai a gidan kajin Hajiya Mariya. Ɗiyata, ga babban fili, ki karanta cimakar bisashen da ake ci ake sha. Kare uku na Ɗan Baka, Allah ya mayar mishi da alheri, ba su kai garke guda ba.

Dakta Abdu (Beljik): A nan Baba na da hujja fiye da yadda ya sani. Kwalejin Turai ɗin ba ta kare da mussa kaɗai ba ce, ta haɗa har da dabbobin kiwo da dawaki. Tushen karatun ɗaya ne, kowa sai ya san na kowace dabba, daga baya ya zurfafa a ɓangarensa. Balki na iya shiga ta ƙofar shanu da awaki, kuma ta nan ya fi sauƙin samun bursi, don masu ba da tallafi sun fi jin yaren nono da nama.

Dakta Balki (Maradi): Na yi wannan tunanin, Yaya. Amma a fannin shanu da awaki muna da mutane, a INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a jami'ar Abdu Mumuni, a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan gida, kuma sun fi ni. In na bi su ni ce ta ƙarshe a layi. A wannan ɓangaren kuwa in Dakta Mamman Sani ya rasa amsa, babu wanda zai kira. Kuma ni asibiti nike so. Ina son dabbar da ke gabana, mai ita na tsaye, in auna in ga ta tashi. In na shiga abin da raina bai so don bursi, shekara 3 ba za su ƙare ba.

Baba Isuhu (Tibiri): Son rai daban, buƙatar ƙasa daban. Ni ban canza ba. Amma ki zo Tibiri ke da mahaifinki mu zauna, wannan ba maganar waya ba ce.

Dakta Balki (Maradi): In sha Allahu Baba, ran Juma'a bayan la'asar.

Dakta Zainab (Zariya): Shawarata ta ƙarshe, Balki. Kada ki rubuta wa kowane farfesa da hannu wofi. Fara rajista tun gobe: kowane kare da kyanwa da aka kawo, nauyi, makin ƙiba, abin da yake ci da awonsa, hoto, abin da kika canja, yadda ya kasance bayan wata guda. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin. In kin tara na shekara guda, kina da abin da babu ɗan takarar Turai da ke da shi. Ki kuma nemi ƴan watanni a asibitin koyarwa mai yawan ƙananan dabbobi, nan Zariya ko Sakkwato ko Dakar, ki gyara Turancinki a hanya. Daga Maradi zuwa Katsina ai ba tafiya ba ce.

Dakta Abdu (Beljik): Ki turo mini takardunki ta akwati in duba. Ban yi alkawarin komi ba.

Lawali Mai Magani: Sikelin kicin ina da shi. Wannan kam zan sayar.

Ɗan Baka (Madarumfa): Dakta Balki, kafin ki tafi Turai ki taimake ni da na yau. Babban karena kilo 20 ne. Mi zan ba shi?

Dakta Balki (Maradi): Tau, buɗe kalkuleta ta wayarka. Ka buga 20 sau 20 sau 20, zai ba ka 8,000. Ka danna alamar √ sau biyu, zai ba ka wajen 9.5. Ka ninka da 70, ka sami kalori 660 da ƴan kai. Wannan shi ne abin da jikinsa ke ƙonawa yana kwance. Ranar da yake gida yana yawo yana buƙatar wajen 1,200, ranar farauta ya haura haka sosai, kuma da mai ake cike gibin, ba da ƙarin tuwo ba, don cikinsa ba zai ɗauka ba. Ka ɗebar mishi tuwo kafin a zuba miya. Ka haɗa da wake da ya dahu lugub, da nama ko kayan ciki ko kifi dafaffe, hanta ƴar kaɗan sau ɗaya ko biyu a sati. Kar ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, tsagewa yake. Kalsiyom kuma ka tara ɓawon ƙwai, ka tafasa, ka shanya, ka daka ya yi gari. Ƙaramin cokalin shayi guda na ɗauke da wajen giram 2 na kalsiyom, shi kuma abin da yake so a yini giram ɗaya da ɗan ɗori ne, wato rabin cokali ka ɗan tozo. Wannan na babban kare ne mai lafiya, kar ka yi ma kwikwiyo da shi. Bayan sati biyu ka shafa haƙarƙarinsa: in kana jin su da yatsa ba ka ganin su daga nesa, daidai ne. In sun fito, ka ƙara.

Ɗan Baka (Madarumfa): Mu nan ƙwan zabi ya fi yawa da damana. Ɓawonsa zai yi?

Dakta Balki (Maradi): Zai yi. Ya fi na kaza kauri, sai ka ƙara dakawa ka tankaɗe da rariya.